Yanda ake riƙe bareyi a ɗan dajin iyali a Amurka, da maganin ɓarayin farauta

Idan kuna da ɗan daji naku na iyali a Amurka, eka 40 ko 80, irin wanda kaka ya bari ko 'yan uwa suka haɗa kuɗi suka saya don farauta, to abu na farko da zaka sa a ranka shi ne ƙasar taku ce amma bareyin da ke yawo a cikinta ba naku bane. A dokar can naman daji na jama'a ne, gwamnatin jiha ke riƙe da amanarsa, ita ke faɗin ranar buɗe farauta da ranar rufewa da guda nawa zaka ɗauka, ko da a bayan ɗakinka barewar take kwana. Zan yi misali da jihar Missouri saboda sama da kashi 90 cikin 100 na ƙasarta a hannun masu zaman kansu take, kuma sun ga abin da farautar ba ƙa'ida ke yi, a 1925 bareyin da suka rage a duk jihar ba su fi 400 ba, sai da aka kafa hukumar kare namun daji ta jihar a 1937, aka rufe farauta na shekaru aka kawo wasu aka saka, sannan aka sake buɗewa a 1944. Yau sun haura miliyan, ana harbe kusan dubu 300 duk shekara kuma ba su ƙare ba.

Eka 40 ɗin nan fa hekta 16 ce kawai, kowane gefe kamar mita 400, barewa in ta zabura ko minti ɗaya baza ta yi ba ta fice. Shi kuma babban namiji yawonsa yakan kai eka 600 ko fiye, a watan Nuwamba lokacin barbara ma ya wuce haka nesa. Kenan duk wanda ka gani a kyamararka maƙwabta biyar ko shida suma suna ganinsa, kowa na cewa nasa ne. Baza ka iya tsare shi ba. Abin da zaka iya shi ne ka mai da filinku wurin da ya fi kowane kwanciyar hankali a yankin, inda zai zo ya kwanta da rana tsaka in harbi ya ɓarke ko'ina. Duk aikin da zan faɗa a ƙasa, da na gatari da na fenti da na kyamara, wannan yake yi wa hidima.

Ka fara da ƙafa, kar ka fara da sayen iri. Watan Fabrairu ko farkon Maris ya fi, an gama farauta, ganye ya zube, komai a fili yake. Ka ɗauki hoton filin na sama daga Google Earth ka buga a takarda, ka zaga kana alama: ga hanyarsu, ga inda suke kwanciya, ga inda namiji ya goge ƙahonsa a ƙaramar bishiya ya sale ɓawonta, ga inda ya tone ƙasa da kofato a ƙarƙashin reshe. Sannan ka tsuguna. Da gaske nake, ka tsuguna ka duba dajin daga tsayin barewa, domin duk abin da ya wuce kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa ba abincinta bane. In kana hango mita 100 a gabanka fes, manyan bishiyoyi tsaye ƙasa kuma busasshen ganye kawai, to dajin ya yi maka kyau a ido amma ita a wurinta babu ci babu maɓoya. Ka kama bakin ƙananan rassa ka duba, barewa ba ta da haƙoran gaba na sama, fizga take yi, sai ka ga bakin reshen a yage da zare-zare, na zomo kuwa a yanke yake tsaf a karkace kamar da wuƙa. In ka ga kusan kowane reshe a yage, har da ganyen sida, wata bishiya da ba ta zubar da ganye ko da hunturu, wanda ba sa so sai dole, to bakuna sun fi abinci yawa.

Maganin wannan rana ce, hasken rana ya taɓa ƙasa. Dajin da samansa ya rufe ruf da ƙyar eka ɗaya ta ba da kilo 50 na abin da barewa za ta ci, tsohuwar gona da aka bari ta yi ciyayi da ƙaya kuwa tana ba da sama da kilo 500, ita kuma babbar barewa tana cin kilo 2 zuwa 3 kullum, to yi lissafin da kanka. Aldo Leopold ya faɗa tun 1933 cewa kayan da suka lalata namun daji su ne za su gyara su, gatari da garma da shanu da wuta da bindiga, kuma a ƙaramin fili gatarin ne gaba, wato yanzu injin yankan itace.

Amma kar ka shiga sara da ka. Kira ma'aikacin hukumar da ke kula da filayen masu zaman kansu, kyauta zai zo ya zaga da kai, in akwai katakon sayarwa ya haɗa ka da masanin daji, don akwai mutanen da suka kwantar da itacen walnut na dubban daloli suna cewa gyaran makwanci suke. Abin da zaka bari shi ne itatuwan oak masu manyan kai, musamman farin oak, 'ya'yansa suna nuna cikin shekara ɗaya kuma ba su da ɗaci sosai, bareyi na barin komai su bi su a Satumba da Oktoba. Jan oak shekara biyu 'ya'yansa ke yi kafin su nuna, suna da ɗaci, amma suna daɗewa a ƙasa ba su tsira ba, su ke riƙe dabba cikin hunturu, shi ya sa ake barin duka biyun, shekarar da wannan ya ƙi wancan ya bayar. Ka zaɓi oak mai kyau ka kashe na kusa da shi da suke matse masa kai. Ba lallai ka kayar ba, kana iya zagaye gindin da inji ka yanke ɓawon ka fesa magani a yankan, ta mutu a tsaye, rana ta shiga. Inda kake son makwanci kuma ka buɗe wuri sosai, rabin eka zuwa eka ɗaya, ka kayar da kusan komai ka bar rassan a nan, shekara biyu wurin zai cushe har kai baka son shiga, su kuma abin da suke nema kenan. Akwai wani salo da 'yan YouTube suka ɗauka da zafi, a yanka ƙaramar bishiya rabi a tura ta ta kwanta ba ta rabu da kututturen ba, tana ci gaba da yin ganye a ƙasa. Yana aiki a kan ƙananan bishiyoyi, amma a gani na an cika zuzuta shi, kuma in ka gwada a babbar bishiya tana iya tsagewa ta dawo maka a fuska. Hular kwano da wandon kariya dole, kuma kar ka yi wannan aikin kai kaɗai a daji.

In akwai tsohuwar makiyaya a filin, to kusan tabbas ciyawar feskiyu ce ta shimfiɗe a kai, kore shar, shanu na ci amma barewa ba ruwanta da ita, ga shi ta danne duk irin da ke kwance a ƙasa. Ka feshe ta da maganin ciyawa a ƙarshen Oktoba ko Nuwamba bayan sanyi ya kwantar da sauran tsirrai ita tana kore, ka maimaita in ta dawo, shikenan ka zuba ido. Ba sai ka shuka komai ba, ciyayi masu faɗin ganye da ƙayar blakberi za su fito da kansu, mutanen gari su ce filin ya lalace, ka bar su su faɗa. A nan matan ke ɓoye 'ya'yansu ƙarshen Mayu da Yuni, saboda haka injin yankan ciyawa ya zauna a gareji daga Mayu har tsakiyar Yuli, jaririn barewa ba ya gudu, lafewa yake yi, inji na bi ta kansa. Duk shekara uku ko huɗu ka ƙone kashi ɗaya don kar ya koma daji. Ba ƙunar daji irin ta korar nama nake nufi ba, a kyasta ashana a bi iska, a nan sai ka share hanyar tare wuta kewaye, ka duba iska da laima, ka sanar da 'yan kwana-kwana, ka tara mutane da tankin ruwa, hukumar ma tana koyar da shi. In ka ga baƙin tsirrai masu mamaye wuri irin su honisakul na daji da otom olif, ka kashe su tun suna kaɗan, in ka buɗe wa rana hanya kafin ka yi maganinsu su za su ci ribar ba bareyi ba.

Sai maganar gonar bareyi, wadda kowa ke son farawa da ita don ita ce mai daɗin hoto. A eka 40, eka ɗaya zuwa biyu sun isa. Gwajin ƙasa tukuna, kuɗinsa kaɗan ne, ofishin malaman gona na Jami'ar Missouri na yi, in ƙasar ta yi tsami ka zuba garin farar ƙasa har ma'aunin tsamin ƙasar, wato pH, ya kai wajen 6.5, in ba haka ba takin da ka saya asara ne. Farar kuloba, wata ciyawa mai ganye uku-uku, ita ce mai rufin asiri, shuka ɗaya ta yi shekaru, sai alkama ko ots ko hatsin da Turawa ke kira rye a Satumba, da tanif a Agusta. Waken suya a rabin eka ɓata kuɗi ne, tun yana tsiro za su cinye. Ka yi ɗan keji na waya ka kifa a tsakiyar gonar, in na cikin keji ya kai gwiwa na waje kuma kamar an aske, ka san ba irin ne ya ƙi ba. Kuma don Allah kar ka yi gonar inda ake hangowa daga titi. Wannan kuskure ɗaya ya fi komai jawo ɓarayi, ka tara musu nama a inda fitilar mota ke kaiwa. In dole ne sai nan, ka dasa layin sida ko doguwar ciyawa tsakaninta da titin.

Zuba masara kuwa manta da shi. A Missouri haramun ne farauta a kan abincin da aka zuba, kuma wurin yana nan a matsayin haramtacce har kwana 10 bayan an kwashe abincin tas. A gundumomin da ake fama da cutar CWD ma an hana ajiye hatsi da gishiri duk shekara. Cutar nan ƙwaƙwalwa take ci, ba magani ba allura, an fara gane ta a Colorado a 1967, ta bayyana a bareyin dajin Missouri a 2012 a gundumar Macon, kuma ta miyau da fitsari take yaɗuwa, kaga tara bakuna wuri guda kiran ta ne. In kuna yankin ku kai a gwada naman kafin a ci, ƙashin baya da kai kuma kar a yi yawo da su zuwa wata gunduma. A Texas zuba masara halal ne, shi ya sa kar ka ɗauki dokar wata jiha daga bidiyo, ka karanta ɗan littafin dokar jiharku na shekarar, yana canzawa.

Yanzu ga inda rigimar iyali take. Ka ware kashi ɗaya na filin, ko kwata ko ma sulusi, mafi cushewa kuma can tsakiya nesa da iyaka, ku yi yarjejeniya ba mai taka shi sai bin jinin dabbar da aka harba ko aikin gyara a ƙarshen hunturu. Faɗa da baki sauƙi, amma akwai kawu da zai ce shi tun kafin a haife ka yake zama a gindin waccan bishiyar, akwai yara da babur mai ƙafa huɗu da suke son zagayawa ranar Asabar. Gaskiyar magana, a ƙaramin fili 'yan gida sun fi ɓarawo korar bareyi, ɓarawo sau ɗaya zai zo ya ɗauki ɗaya, ku kuwa kullum kuna ciki kuna barin wari. Barewa da hanci take rayuwa. Wuraren kwanto su kasance a gefe-gefe, hanyar zuwa ta bi bakin iyaka ko cikin kwari, ka sami na iskar arewa maso yamma da na iskar kudu, ranar da iska za ta kai warinka makwanci ka haƙura ka zauna gida ko da hutun da ka ɗauka zai tafi a banza. A wuri mai tudu ka tuna iska na hawa sama da safe in rana ta ɗumama ƙasa, ta gangaro da yamma. Eka 40 mutum biyu take ɗauka a lokaci ɗaya, uku an matsa, sai ku yi kwana-kwana a rubuce tun Agusta kafin rai ya ɓaci. Wanda zai hau kujerar kan bishiya ya ɗaura bel ɗin kariya tun daga ƙasa, faɗowa ta fi harsashi raunata mafarauta a can.

Abin da za a harba shi ma a rubuta. Ƙaramin namiji ɗan shekara ɗaya da rabi a bar shi, sai ya kai uku da rabi jikinsa da ƙahonsa ke fara cika, amma yaron da bai taɓa harbi ba a bar shi ya ɗauki duk abin da doka ta yarda, kar a kashe masa sha'awa da dokokin manya. In keji da rassan nan sun nuna yunwa, a rage mata, su ne ke ƙara yawa ba mazan ba. Naman in ya yi yawa akwai shirin Share the Harvest tun 1992 da ke kai wa mabuƙata. Mazaunin jihar da ke da eka 20 ko fiye a haɗe yana samun takardar izinin mai fili kyauta, amma duk da haka sai ya yi rajistar abin da ya harba ta waya ko intanet a ranar. Musulmi kuma ya yi bisimilla lokacin harbi, in ya tarar da sauran rai ya yanka.

To sai ɓarayi. Kala uku ne kuma maganinsu ba ɗaya bane. Akwai na titi, masu yawo da mota cikin dare da fitila mai ƙarfi, barewa in haske ya dake ta tsayawa take cak, su harba daga taga, sau da yawa kan kawai suke yankewa saboda ƙaho su bar gangar jikin ta ruɓe. Akwai mai tsallake iyaka da ƙafa, ya san ba kwa nan ranar Talata, har kujerarsa yake kafawa a bishiyarku. Sai na uku wanda ya fi wuyar sha'ani, na gida, abokin ɗan uwa da aka ba izini sau ɗaya shekara biyar da suka wuce, yanzu yana zuwa da nasa abokan kuma ya san lambar kwaɗo. Da ɗan gari akan ci gari.

Ka san iyakarka tukuna, da takardar safiyo, tsohuwar wayar shinge ba hujja bace, da yawa an kafa su ne inda ya yi wa mai shanu sauƙi. Manhajar taswira ta waya irin onX na taimakawa amma tana iya kaucewa da 'yan mitoci. In ka tabbatar sai fenti. Missouri na da dokar fenti mai launin shunayya tun 1993, shafa shi a bishiya daidai yake da allon hana shiga, kuma ya fi allo don allo ana cirewa ko a harbe shi. Ƙa'idar ita ce layi a tsaye mai tsawon inci 8 ko fiye, ƙasan layin ya kasance ƙafa 3 zuwa 5 daga ƙasa, tsakanin alama da alama kar ya wuce ƙafa 100, kuma ya fuskanci mai shigowa daga waje. Ka ɗan kankare gansakukan ɓawon da wuƙa kafin ka shafa, ka yi amfani da na burushi mai mai, na feshi shekara biyu ya koɗe. In ka gama ka ɗau hoto da kwanan wata, domin a kotu abin da zai ce kenan, ban ga alama ba. Wanda ya tsallake fentin nan laifinsa na iya kai shi wata 6 a gidan yari. Texas da Illinois da Pennsylvania suma suna da irin dokar, amma ba kowace jiha ba. A bakin ƙofa kuma ka sa allo da lambar waya, mutumin kirki da karensa ya ɓata ko dabbarsa ta shigo zai kira. Ƙofar ta zama ta ƙarfe a kulle, lambar kwaɗo a canza duk shekara. Kar ka ɗaura waya ko sarƙa siririya a tsakiyar hanya, mai babur ba ya ganinta, kuma kar ka ko yi tunanin tarko ko allon ƙusoshi, tun 1971 kotun ƙolin Iowa ta tabbatar da hukuncin da ya sa wani mai gida biyan diyya mai nauyi saboda bindigar tarko da ta raunata ɓarawon da ya fasa masa kango, kai za a kama ba shi ba.

Kyamarar kama mutum daban take da ta kallon bareyi. Ka sayi wadda ba ta nuna jan haske da dare, mai turo hoto waya kai tsaye in akwai sabis, ko an sace ta hoton ya riga ya iso. Ka hau tsani ka ɗaura ta sama kamar ƙafa 10 zuwa 12, ka sa ɗan itace a bayanta ta sunkuyo, mutane ba sa ɗaga kai in suna tafiya a daji. A bakin hanya ka karkata ta yanda za ta kama bayan mota inda dole a rage gudu, lambar mota ake nema, hoton mutum da hula da kyalle a fuska ba ya kai kowa kotu. Wasu na ajiye tsohuwar kyamara matacciya a fili don yaudara, mai kyau tana sama tana kallon wanda zai cire ta, dabara ce mai kyau. Wayar da ka gani a yanke, sawun taya, leda mai launi da aka ɗaura a rassa don gane hanya, tarin masara da ba ku kuka zuba ba, duk ka ɗau hoto. Masarar nan ka kula da ita sosai, in wani ya zuba a filinku kai ka zauna kusa, kai ma kana iya shiga matsala, ka kira jami'in hukumar kare namun daji tun kafin.

Jami'in nan ka san shi tun ba abin da ya faru. Kusan kowace gunduma na da nata, mutum ɗaya ko biyu a kan ƙasa mai faɗi, ranar buɗe farautar bindiga a tsakiyar Nuwamba wayarsa ba ta hutawa. Ka kira shi a Yuli ko Agusta, ka zagaya da shi, ka nuna masa ƙofofi, ka ce yana da izinin shiga ko yaushe, ka faɗa masa motocin da ke naku. Kuma ka gaya masa in an kama mutum zaka tsaya a kan ƙara, don abin da ke kashe musu gwiwa shi ne su sha wahala su kama, mai fili ya ce a bar shi ɗan wane ne. Sau ɗaya ka yi haka labari ya zaga gari.

Ranar da ka ci karo da shi ido da ido, ka tuna yana da bindiga kai ma kana da ita, ba a yin jarumta a nan. Kar ka nuna shi da makami, kar ka tare masa mota, kar ka ƙwace masa komai. In magana ta kama ka yi ta a sanyaye, malam nan filin mutane ne, hanya tana can. Ka riƙe kamanninsa, kalar mota da lamba da lokaci da inda ya nufa, ka ja baya ka kira jami'i ko ofishin sherif, ko layin kai rahoton ɓarayin farauta na Operation Game Thief da ke aiki dare da rana kuma ba sai ka faɗi sunanka ba. In gawar barewa ka tarar, kai a yanke, ƙudaje sun fara taruwa, kar ka taɓa, kar ka juya ta, kar ka ɗauki kwanson harsashi da hannu ka sa a aljihu, ka tsaya nesa kar ka tattake sawu, ka yi hoto ka sa alamar wurin a waya. Suna iya ciro harsashi daga jikin, suna iya haɗa naman da kan da za a samu a garejin wani ta gwajin ƙwayar halitta. Hukuncin ma yanzu ba wasa bane, dokar 2019 ta ba alƙali damar ƙara tarar dala 1,000 zuwa 5,000 a kan namiji mai ƙaho, kuɗin na tafiya makarantu, kuma in an ƙwace lasisin mutum a Missouri kusan duk sauran jihohi na hana shi saboda yarjejeniyar da ke tsakaninsu. A 2018 a gundumar Lawrence an ɗaure wani shekara guda a shari'ar wasu 'yan gida ɗaya da suka kashe ɗaruruwan bareyi don kawunansu.

Duk da haka in ka tambaye ni, maƙwabci mai zama a wurin ya fi kyamara goma. Ku da kuke zuwa daga St. Louis ko Kansas City ƙarshen mako, shi ke jin harbin ƙarfe biyun dare. Ka je ka gaishe shi tun ba ka buƙatar komai, ka kai masa nama in an samu, in manomi ne ka ba shi hayar yankan ciyawar wani gefe ko ka bar jikansa ya harbi mace ɗaya a ƙarshen kaka, motarsa da ake gani tana shiga tana fita ita kanta tsaro ce. Ku yi maganar dabbar da aka harba ta tsallake iyaka tun kafin ta faru, don a Missouri ba ka da ikon bin ta cikin filin wani sai da izininsa, shi ma haka, kuma mafi yawan gabar maƙwabta daga nan take farawa. Ku yi musayar lamba, duk wanda tasa ta tsallaka ya kira, a shiga tare, ba bindiga. In an saba sai a kawo maganar barin ƙananan maza, mutum biyar masu eka 40 zuwa 100 in suka yarda an sami fili mai ma'ana, hukumar da ƙungiyar National Deer Association duk suna taimaka wa irin wannan haɗin gwiwa. Wani zai ƙi, ya ce duk abin da ya gani zai harba, haƙƙinsa ne in yana da lasisi, kar ka kira shi ɓarawo, kawai ka matsar da gonarka da makwanci nesa da iyakarsa.

Na gida kuma takarda ce maganinsu. Duk wanda ba a cikin masu filin yake ba ya riƙe izini a rubuce, da sunansa da shekarar da sa hannun mutum ɗaya da iyali suka naɗa, mutum ɗaya tak, ba kowa ya riƙa ba abokinsa ba, kuma a rubuta ƙarara cewa izinin ba ya haɗa da baƙonsa. Ya ƙare ranar 15 ga Janairu da rufe farautar kwari da baka, mai so ya sake nema. Hoton babban namijin da kyamara ta ɗauko kuma ya tsaya a wayoyinku, kar a sa a Facebook ko a nuna a gidan mai, mutanen yankin na gane tudu da layin bishiya a bayan hoto, wasu hotunan ma suna ɗauke da bayanin wurin a cikinsu. Ku riƙa sauya ranar zuwa, wani lokaci Laraba wani lokaci Lahadi da dare, a bar fitila mai agogo a bukka, a yanke ciyawar bakin ƙofa, in dusar ƙanƙara ta sauka a roƙi maƙwabcin ya shiga da mota ya fito ya bar sawu.